Mu Biyun Duk a Ƙuryar Gado Muke Kwana

Daga:
Matar mai neman izinin zama, fayil mai lamba IZ/AU/4471,
Ɗakin saman bene, gida na uku bayan tashar bas.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Izinin Zama na Ma'aurata,
Ofishin Shige da Fice.

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN HUKUNCIN OFISHINKU CEWA NI DA MIJINA BA MA ZAUNE TARE, DA ROƘON A SAKE DUBA LAMARIN KAFIN 30 GA NUWAMBA

Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izini in gabatar da kaina da kuma kukana.

Ni 'yar ƙasar nan ce, haihuwa da girma. Ina aikin guga a wani gidan wanki da ke kusa da kasuwa, kuma a kan teburin gugar nake rubuta wannan takarda a tsaye, cikin hutun rana, saboda haka a gafarce ni idan an ga alamar sitaci a gefenta. Mijina baƙo ne. Ya shigo ƙasar nan da takardar aiki ta ɗan lokaci, yana gasa burodi. Abokan aikinsa Dogo suke ce masa, kuma duk wanda ya gan shi ba ya neman ƙarin bayani. Mun san juna ne lokacin da yake kawo fararen rigunan gidan burodinsu wanki, har na lura wasu daga cikin rigunan da yake kawowa ko ƙura ba su taɓa ba. An ɗaura mana aure ranar 10 ga Fabrairu, 2023. Takardar auren mun kawo muku ita har kwafi uku, domin ta farko ta ɓace a wurinku, ta biyu kuma aka ce hatiminta ya karkace.

Ranar 22 ga Satumba na bana muka sami wasiƙarku, inda aka ce bincike bai gano shaidar da ke nuna muna zaune tare a matsayin mata da miji ba. Takardar aikin maigidana za ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, kuma wasiƙar ta ce daga ranar sai ya tattara kayansa ya bar ƙasar. Na karanta ta a zaune, na sake karanta ta a tsaye, ba ta canza ba. Ga ƙorafe-ƙorafena ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi gwargwadon abin da ya rage mini.

1. Tushen matsalar daga tagarku ta huɗu ya fito.

Ranar 4 ga Maris, 2024, muka kai takardunmu karo na farko. Jami'in da ke taga ta huɗu, mutum mai haƙuri da yawan shan shayi, ya duba takardun albashinmu ya ce abin da muke samu mu biyu bai kai mizanin da doka ta gindaya wa ma'aurata ba. Ya ba mu shawara mu ƙara ƙoƙari. Muka ɗauki shawarar da hannu bibbiyu. A lokacin maigidana aikin rana yake yi, muna fita tare, muna dawowa tare, har maƙwabta na yi mana tsiya wai an ɗinke mu ne. Sai ya koma aikin dare, saboda ya fi albashi, ni kuma na karɓi ƙarin aikin yamma a gidan wanki. Albashi ya kai mizani, jami'in ya buga hatimi, har ya yi mana barka.

Tun daga ranar, Yallaɓai, ga yadda gidanmu yake tafiya. Yana dawowa da asuba, ni ina shirin fita. Ina dawowa bayan magariba, shi yana shirin fita. Ranar hutuna ba ita ce ranar hutunsa ba. Ofishinku ne ya raba mana yini da dare, ya ba ni ɗaya ya ba shi ɗaya, yanzu kuma ofishinku ne yake tambaya me ya sa ba a ganin mu tare.

2. Takardun da ke mutuwa a kan layi.

Takardar gwajin lafiya tana da wa'adi, takardar shaidar 'yan sanda daga ƙasarsu ma tana da nata. Kafin ta 'yan sanda ta iso, ta lafiya ta mutu. Kafin a sabunta ta lafiya, ta 'yan sanda ta mutu. An ɗebi jinin mijina sau uku a kan wannan fayil. Likitan ya saba da shi har yana tambayar lafiyar mahaifiyarsa, kuma a zuwa na ƙarshe ya ce masa babu abin da ke damunsa sai rashin barci da yawan zuwa gwaji. Ba a kan wannan nake kuka ba, na ambata ne kawai don a san cewa mutumin da ba da gaske yake ba da tuni ya tsere da sauran jininsa.

3. Maganar hotuna.

An bukaci mu kawo hotunan da ke nuna muna rayuwa tare. Muka kai masu yawa, a cikin kundi mai kyau da na saya musamman. Jami'ar da ta karɓa ta rubuta a gefe cewa a yawancin hotunan mai neman izini ba ya nuna alamar sha'awar kasancewa a wurin.

Ranka ya daɗe, barci yake yi. Duk hotunan da rana aka ɗauke su, ranar hutuna, lokacin da nake jan sa daga gado in fitar da shi ya sha iska kamar sauran mutane. A hoton wurin shaƙatawa yana barci a kan benci. A hoton bikin kammala karatun ƙanena yana barci a layi na biyu, baki a buɗe. A hoton gidan mahaifiyata yana barci da cokali a hannu, mahaifiyata tana yi masa fifita, tana hararar duk wanda ya ɗaga murya. Akwai ma wanda aka ɗauka a ɗakin jiranku, a ƙarƙashin hoton shugabanninku. Abin da jami'ar ba ta rubuta ba shi ne a kan kafaɗar wa kansa yake a duk hotunan. Kafaɗata ce, ta hagu, kuma har yau tana ciwo. Mutum mai tsawon mijina kansa ba ƙaramin kaya ba ne.

4. Ganawar ranar 17 ga Yuni.

A wannan rana aka raba mu ɗaki daban-daban, aka yi mana tambayoyi iri ɗaya don a gwada amsoshinmu. Jami'ar da ta gana da mu, mai tabarau da jan alƙalami, ta yi mini kallon sama da ƙasa kafin ma in zauna. Ba na zarginta, aikinta ne, kuma na san akwai masu auren takarda a duniya. Amma ina roƙon a sake duba amsoshin da ta ja wa layi da ja.

Ta tambaye ni a wane ɓangaren gado nake kwana, na ce ƙuryar gado, ta jikin bango. Ta tambaye shi, ya ce ƙuryar gado, ta jikin bango. Ta rubuta cewa mutum biyu ba sa kwana a ɓangare ɗaya, saboda haka ɗayanmu bai taɓa ganin gadon ba. Yallaɓai, mu biyun duk gaskiya muka faɗa. Ni nake kwana a ƙuryar da dare, shi yake kwana a ƙuryar da rana. Bakin gadon kuwa babu mai shi, can nake jera kayan da na goge.

Ta tambayi abin da muka ci da safen ranar. Na ce shayi da burodi. Ya ce shinkafa da miya da cinyar kaza. Ta ja layi. To a kan tebur ɗaya muka ci, a lokaci ɗaya, gwiwarsa tana bugun tawa saboda teburin ƙarami ne. Ni karin kumallo nake yi, shi abincin darensa yake ci. Burodin ma da nake ci shi ya gasa shi, ya kawo shi da zafinsa a cikin rigarsa.

Ta tambayi wanda ke fara tashi daga barci. Na ce ni, tunda da asuba nake tashi. Ya ce shi, tunda da la'asar yake tashi, a lokacin ni ko kwanciya ban yi ba. Mun yi gardamar wannan a cikin bas har muka iso gida, kuma har yau ba mu daidaita ba, amma gardama ce ta cikin gida, bai kamata ta kai ga korar mutum daga ƙasa ba.

Ta tambayi wanda ke minshari a cikinmu. Na ce shi, ya ce ni. Ta ja layi. Cikin dukkan girmamawa, ina roƙon Mai Girma Darakta idan ya koma gida yau ya yi wa uwargida wannan tambayar, ya kuma amsa ta da kansa, sannan ya ga ko za a sabunta masa takarda.

5. Ziyarar gida ta farko, 9 ga Yuli.

Mai bincikenku ya zo da tsakar rana ba tare da sanarwa ba. Ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba, ya rubuta cewa babu kowa a gidan. Akwai kowa. Mijina yana ciki, ya toshe kunnuwansa da auduga, ya ja baƙin labule, kuma idan ya kai wannan matsayi ko rufin ɗakin aka ɗauke ba zai motsa ba.

Da mai binciken ya sauko, sai ya faɗa hannun tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙasa, wadda duk gidan muke ce wa Kaka. Kaka mutuniyar kirki ce, amma ta daɗe tana neman wanda zai tsaya ya saurare ta. Ta shigar da shi, ta ba shi kujera, ta shaida masa cewa ita dai tun bara ba ta taɓa ganin mu biyu a lokaci guda ba. Ta ce da safe wata gajeriya tana fita, da yamma wani dogo yana fita, ita kuma ba ta son shiga abin da ba ruwanta, amma ta daɗe tana tunanin abin. Ban san abin da take tunani ba, Yallaɓai, kuma ina tsoron tambaya. Abin da na sani shi ne da asuba Kaka tana barci, bayan magariba kuma tana gaban talabijin da murya a ƙure. Burodin da take samu a rataye a ƙofarta kullum da safe, ba ta faɗa wa mai bincikenku daga ina yake fitowa ba, shi ma bai tambaya ba.

6. Ziyarar gida ta biyu, 21 ga Agusta, da maganar maza uku.

Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma ina roƙon a karanta ta a hankali.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba a taɓa yin wata matsala a danginmu ba tare da ta yi ruwa ta yi tsaki a ciki ba. Da ta ji yadda ziyarar farko ta kasance, ta zo ta duba ɗakinmu ta ce ita ma da ita ce hukuma ba za ta yarda akwai namiji a nan ba. Ta ce ɗaki ya yi tsaf da yawa, gidan da namiji yake dole a yi tuntuɓe da wani abu. Gaskiya ne kayan mijina kaɗan ne. Takalminsa ƙafa biyu ne, ɗaya yana ƙafarsa, ɗaya yana wurin aiki. Silifan ɗaki kuwa guda ne muke sawa mu biyu, nasa, tunda ba ma bukatar sa a lokaci ɗaya. Ni nake jan sa kamar kwale-kwale.

Da aka sanar da mu ranar ziyara ta biyu, Gwaggo ta zo da rana ina wurin aiki, ta tashi maigidana ya buɗe mata, ya koma ya ci gaba da barcinsa. Ta bi gidan ɗaki-ɗaki tana aron kayan maza. Ta karɓo takalman direban tasi da ke hawa na biyu, da na ɗan mai gidan haya, da na mijinta. Ta jera su a bakin ƙofa. Ta rataye huluna a ƙusa, ta zuba buroshin haƙori har huɗu a kofi, ta ajiye rediyo a kan taga da wata jaridar wasanni ta shekarar da ta wuce. Da maigidana ya tashi da la'asar ya ga kayan, ya ɗauka baƙi aka yi, ya yi ta tafiya da sanɗa don kada ya dame su.

Mai bincikenku ya iso jim kaɗan bayan mijina ya fita aiki, ni kuma ko mayafi ban cire ba. Mutum ne mai lura, wannan ban hana shi ba. Ya durƙusa ya juya takalman ɗaya bayan ɗaya yana duba lambarsu. Ya samu lamba uku daban-daban, kuma babu ko ɗaya da za ta shiga ƙafar mutumin da ke cikin fayil. Ya shiga ɗaki ya ga filo ɗaya ne ya lotsa. Ya tambayi makullan gidan, na nuna masa guda ɗaya. Gwaggo tana tsaye a bayansa tana murmushi, tana cewa ya duba da kyau, gida cike yake da maza, Allah ya sa albarka.

A rahotonsa ya rubuta cewa alamu sun nuna maza uku ne ke zaune a ɗakin, kuma mai neman izini ba ya cikinsu. Ranka ya daɗe, ni matar aure ce mai mutunci. Wannan jimla tana cikin takardar gwamnati, da lambar fayil ɗina a samanta. Mahaifiyata ta ji, kwana biyu ba ta ci abinci ba, kuma har yau ba ta magana da Gwaggo. Direban tasi kuwa matarsa ta tsare shi da tambayar yadda aka yi takalminsa ya hau bene.

7. Abin da ba a tambaye mu ba.

An tambaye mu launin labule da sunan man wanke haƙori, amma babu wanda ya tambayi dalilin filo ɗaya da makulli ɗaya. Zan faɗa ko da ba a tambaya ba, duk da ba irin maganar da ake yi wa hukuma ba ce, kuma da kunya nake rubuta ta.

Idan na tashi da asuba, nakan ja bargo in rufe wurin da na kwanta, in danne gefensa da filo don kada ɗumin ya fita. Idan ya gama cin shinkafarsa na fita, a nan yake kwanciya. Da la'asar shi ma haka yake yi mini, duk da na sha gaya masa cewa kafin in dawo wurin ya huce, wahalar banza yake yi. Ya ce ba ruwana. Gadonmu yana da faɗi, babu abin da ya hana ɗayanmu komawa bakinsa. Ba ma so ne.

Makullin kuwa, da rana yana hannunsa, da dare yana hannuna. Kullum bayan magariba yana tsayawa a kan matakala, a kwanar da ke tsakanin hawa na biyu da na uku, da rigar aikinsa a kafaɗa, yana jira in hawo ya miƙa mini. Idan bas ta makara, shi ma ya makara, mai gidan burodi ya yi masa faɗa, ya shanye. A nan nake gaya masa abin da ya faru a wurin aiki, ya gaya mini abin da mahaifiyarsa ta ce a waya, in gyara masa wuyan riga, ya ce na rame, in ce ƙarya yake yi. Wani lokaci ma faɗa muke yi a gurguje, mu ajiye sauran sai da asuba. Akwai mai yanka makulli a bakin titinmu, rumfarsa tana kallon ƙofar gidan, kullum sai mun wuce ta gabansa. Fiye da shekara guda ke nan, daga ni har shi babu wanda ya taɓa tayar da maganar a yanka na biyu.

ABIN DA NAKE ROƘO

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma Darakta, cikin ƙanƙan da kai:

(a) A dakatar da hukuncin 22 ga Satumba, a tsawaita takardar mijina har a kammala sake dubawa, kuma idan zai yiwu ba tare da an sake ɗibar jininsa ba.

(b) A goge maza ukun nan daga fayil ɗina, a rubuce, da hatimi madaidaici, domin in kai wa mahaifiyata da matar direban tasi kwafi. Masu takalman a shirye suke su zo ofishinku a gwada musu. Gwaggo ma ta ce za ta zo ta yi bayani da kanta, amma ina ba da shawara kada a amince.

(c) A sake turo mai bincike, wannan na farkon ma ya isa, ba ni da wani ƙulli da shi. Sai dai kada ya zo da rana, kada kuma ya tsaya a ɗakin Kaka. Ya zo bayan magariba, kowace rana ya ga dama, ba sai ya sanar ba. Ya hau matakala ya tsaya a kwanar da na ambata, ya ɗan matsa jikin bango saboda wurin ba shi da faɗi kuma mijina ya cika shi. Ba sai ya yi tambaya ko ɗaya ba. Idan yana so ya ga ragowar, ya dawo da asuba, akwai shayi, akwai burodi mai zafi, kujera ce kawai za mu aro masa.

Yallaɓai, na yi wasa a wasu wurare cikin wannan takarda, saboda idan ban yi ba hawaye zai ɓata rubutun, ku kuma kun riga kun mayar mana da takarda sau ɗaya saboda tabo. Amma tsoro nake ji, kuma tun ranar da wasiƙarku ta zo ban yi barcin kirki ba. Idan 30 ga Nuwamba ta zo ba a yi komai ba, zan hau matakalar nan in wuce kwanar ba tare da na tsaya ba, makullin yana cikin jakata tun safe. Ba na son ya zama nawa ni kaɗai.

Ina jiran amsarku da kyakkyawan zato. Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da adalci, ya sa ya gama da kujerarsa lafiya.

Taku cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Matar Dogo mai gasa burodi,
Mai guga, tebur na biyu daga ƙofa,
Fayil mai lamba IZ/AU/4471.